Iridiyam ko Nikel da Baƙin Ƙarfe: Wane Katalis Mai Bincike Zai Zaɓa Domin Tsaga Ruwa?

Duk wanda ya shiga neman maudu'in bincike a fannin tsaga ruwa da lantarki domin samar da iskar haidirojin, abin da zai fara ruɗa shi shi ne yawan sinadaran da kowane mai bincike ke cewa nasa ya fi na kowa. Wannan ya ce nasa ya kusa kamo filatinam, wancan ya ce nasa ya zarce iridiyam, kuma kowa da jadawalin da yake kafa hujja da shi. Ɗalibin da ke shirin digiri na biyu ko na uku, ko malamin da ya samu ɗan tallafin da ba zai wuce shekara biyu ba, ba shi da halin gwada su duka, tilas ya tsaya a kan hanya guda. A ganina hanyoyin da suka cancanci a ɗora su a ma'auni biyu ne. Ta farko ita ce ta ƙarafa masu daraja, iridiyam da filatinam, waɗanda ke aiki cikin asid. Ta biyu ita ce ta nikel da baƙin ƙarfe, waɗanda ke aiki cikin ruwan alkalin mai kaifi, ɗan'uwan sodar da ake yin sabulu da ita.

Tun a 1800 William Nicholson da Anthony Carlisle suka tsaga ruwa a Landan da batirin da Volta ya ƙirƙiro, don haka aikin kansa tsoho ne, tsadar wutarsa ce har yau ake fama da ita. A lissafi bolt 1.23 ya isa ya raba ruwa zuwa haidirojin da oksijin, amma na'urorin da ke aiki a masana'antu sukan ci tsakanin bolt 1.8 da 2.0. Wani kaso na wannan rara yana tafiya ne wajen ture lantarki ta cikin ruwan da tantanin da ke raba ɗakin haidirojin da na oksijin, sauran kuma katalis, wato sinadarin da ke sa aikin ya yi sauri, shi ke karɓa, kamar la'adar dillali: ciniki ba ya faɗawa sai da shi, kuma dillalin kirki shi ne wanda la'adarsa ba ta da yawa. Kowane ƙarin bolt 0.1 yana nufin ƙarin yunit 2.7 na wuta a kan kilo ɗaya na haidirojin, yunit irin wanda ake saye a mita, shi ya sa kilo guda da ya kamata ya ci kimanin yunit 33 yake cin 50 zuwa 55. Duniya na amfani da fiye da tan miliyan 90 na haidirojin a shekara, galibi a matatun mai da masana'antun taki, kuma kusan dukkansa daga iskar gas da gawayin kwal ake ciro shi. Masana'antar takin Dangote da ke Lekki, wadda aka ƙaddamar a 2022, ita ma daga gas take samun nata, kuma wannan hanya tana fitar da kimanin kilo 9 zuwa 10 na hayaƙin kabon a kan kowane kilo na haidirojin.

Ɓangarorin aikin biyu ba nauyinsu ɗaya ba. A gefen da haidirojin ke fita, elektiron biyu kawai ake buƙata, kuma filatinam yana yin aikin da la'adar da ba ta taka kara ta karya ba. A gefen oksijin kuwa sai an cire elektiron huɗu ɗaya bayan ɗaya, an kuma ɗaure ƙwayoyin oksijin biyu wuri guda, kuma a nan mafi yawan wutar ke salwanta. A 2011 masu bincike a Denmak tare da Jens Nørskov suka nuna cewa biyu daga cikin matakan tsakiya na wannan aiki a ɗaure suke da juna, in ka sauƙaƙa ɗaya sai ɗayan ya yi wuya, ta yadda oksaid na yau da kullum, wato haɗin ƙarfe da oksijin, kome kyansa, da wuya la'adarsa ta sauka ƙasa da kimanin bolt 0.3 zuwa 0.4 a lissafinsu. Saboda haka ainihin gasar tana gefen oksijin ne, kuma a can iridiyam da nikel suke fuskantar juna.

Hanyar asid ita ce na'urar da aka sani da PEM, mai siririn tantanin roba a tsakiya, wadda kamfanin General Electric ya fara haɓakawa a shekarun 1960. Ba a zuba mata ruwan batir, tsarkakakken ruwa kawai ake ba ta, domin asid ɗin yana cikin tantanin da ke tsakiya, wanda galibi Nafion ne, robar da Walther Grot ya samar a kamfanin DuPont a ƙarshen shekarun 1960. Kaurin tantanin bai wuce na takarda ɗaya ko biyu ba, an shafa masa filatinam a gefe guda da oksaid na iridiyam a ɗaya gefen. Alherin wannan tsari a bayyane yake. Yana ɗaukar amfiya 1 zuwa 3 a kan kowane santimita murabba'i, yana fitar da haidirojin mai tsabta a matse har ninki 30 na matsin iskar da muke shaƙa, kuma yana iya tashi ko sauka cikin daƙiƙoƙi, wanda hakan babban abu ne ga wanda wutarsa ta hasken rana ce da gajimare ke iya ragewa a kowane lokaci. Tashar megawat 20 ta Air Liquide da ke Bécancour a Kanada, wadda ta fara aiki a 2021, irin wannan ce.

Matsalar ita ce, haɗuwar asid da ƙarfin lantarkin da ke gefen oksijin tana cinye kusan kowane ƙarfe. Nikel, baƙin ƙarfe da kobalt narkewa suke yi. Oksaid na rutiniyam ya fi na iridiyam kuzari, amma shi ma yakan sauya ya zama wani nau'i mai narkewa ya bi ruwa. Hatta faranti da ragar da ke kai wuta ga katalis sai an yi su da titaniyam, sau da yawa an lulluɓe su da filatinam. Iridiyam ne kaɗai ya haɗa kuzari da juriyar shekaru, kuma duniya baki ɗaya tan 7 zuwa 8 kawai take haƙowa a shekara, alhali zinariya ta haura tan 3,000. Fiye da kashi 80 cikin 100 daga Afirka ta Kudu yake fitowa, daga duwatsun Bushveld, kuma babu mahaƙar da ta keɓanta da shi, a wajen tace filatinam ake tsintarsa, don haka tashin farashinsa ba ya sa a ƙara haƙo shi. An ga haka a 2021, lokacin da farashin oza ɗaya ya tashi daga ƙasa da dala 2,000 ya haura 6,000 cikin 'yan watanni.

Lissafin yana da sauƙi, kowa zai iya yi a bayan ambulan. Idan aka shafa miligiram 2 na iridiyam a kan santimita murabba'i guda, na'urar kuma tana jan amfiya 2 a bolt 2, wato wat 4, to kowane kilowat ya ci rabin giram, kowane gigawat ya ci kilo 500. Ko da an kwashe iridiyam na shekara guda duka an ba wannan aiki, an hana masu yin filogin mota da tukwanen narka lu'ulu'u da masana'antun kulorin, gigawat 15 kawai za a gina. Wannan ne ya sa binciken da ke da ma'ana a hanyar asid ya koma kan rage iridiyam ninki biyar ko goma ba tare da na'urar ta mutu da wuri ba. Ƙungiyar Ryuhei Nakamura a cibiyar RIKEN ta Japan, alal misali, ta daɗe tana aiki a kan oksaid na manganis, kuma a 2024 ta ba da rahoton warwatsa iridiyam ƙwaya-ƙwaya a kansa har aka rage yawansa da kimanin kashi 95 cikin 100.

A nan akwai wani tarko da nake ganin ɗalibai da yawa suna faɗawa, wato neman abin da zai maye gurbin filatinam a gefen haidirojin. Fannin yana da tarihi mai daɗin ji. A 2005 aka yi hasashen cewa sulfaid na molibdinam zai yi, a 2007 Thomas Jaramillo da abokan aikinsa suka tabbatar cewa gefunan ƙwayoyinsa ne ke aikin, a 2013 kuma fosfaid na nikel ya fito, na kobalt ya biyo baya. Har an saka fosfaid na kobalt a na'urar kasuwanci a 2019 ya yi fiye da awa 1,700 yana aiki, sai dai ya ci wuta fiye da filatinam. To amma filatinam ɗin da ake buƙata ɗan kaɗan ne, ƙasa da rabin miligiram a santimita murabba'i, ana haƙo kusan tan 180 nasa a shekara, kuma ana iya sake tace shi daga tsohuwar na'ura. Wanda ya cire shi ya ƙara ko da bolt 0.1, kuɗin wutar shekaru goma zai cinye ribar da ya samu, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Hanyar alkalin ita ce dattijuwa. Ana amfani da ruwan fotash mai kaifi, kashi 20 zuwa 30 cikin 100, a zafin digiri 70 zuwa 90, da elektirod, wato farantan da ke kai wuta cikin ruwan, na nikel ko ƙarfen da aka yi wa rufin nikel, da shamaki mai ƙananan kofofi a tsakani, wanda da can asbestos ne, yanzu kuma ana amfani da irin su Zirfon na kamfanin Agfa. Da ita Norsk Hydro ya yi takin zamani a Rjukan ta ƙasar Norwe tun ƙarshen shekarun 1920, da ita aka gina tashar Glomfjord mai megawat 135 a 1953. A nahiyarmu ma kamfanin KIMA a Aswan ta Masar ya fara yin taki da ita a 1960 da wutar madatsar ruwa, haka Sable Chemicals kusa da Kwekwe a Zimbabuwe ya yi shekaru da dama yana yi da wutar Kariba. Manyan ayyukan yau ma ita suka zaɓa, kamar tashar Sinopec mai megawat 260 a Kuqa ta jihar Xinjiang a ƙasar Sin, wadda ta fara aiki a 2023, da ta NEOM a Saudiyya mai fiye da gigawat 2. Nikel kuwa ana haƙo fiye da tan miliyan 3 nasa a shekara, fiye da rabi daga Indonesiya, kuma kuɗin giram ɗaya na iridiyam ya sayi kilo da dama na nikel.

Yadda aka gano darajar haɗin nikel da baƙin ƙarfe ya cancanci a tsaya a kansa, domin darasin aiki yana cikinsa. Tun farkon ƙarni na 20 masu ƙera batirin nikel, irin su Thomas Edison da Waldemar Jungner, suka lura cewa idan baƙin ƙarfe ya gurɓata elektirod ɗin nikel sai batirin ya rage ɗaukar caji. Dalilin shi ne wutar da ya kamata ta zauna a batir sai ta tafi wajen fitar da oksijin, abin da mai batir ke ƙi shi ne ainihin abin da mai tsaga ruwa ke nema. A 1987 Dennis Corrigan na ɗakin binciken General Motors ya auna wannan tasiri dalla-dalla, amma mutane ba su ɗauki abin da muhimmanci ba sai a 2014, lokacin da Lena Trotochaud da Shannon Boettcher a Jami'ar Oregon suka tsarkake ruwan fotash ɗinsu daga duk wani ɓurɓushin baƙin ƙarfe. Sai ga shi nikel zalla katalis ne mai rauni ƙwarai. Ashe kuzarin da aka yi shekaru ana jingina wa nikel, har da na wasu haɗe-haɗen kobalt, na ɗan baƙin ƙarfen da ke cikin kwalbar fotash ne, wanda yawansa bai kai kashi ɗaya cikin miliyan ba a wasu lokuta. Idan aka sa shi da gangan, kimanin rubu'in haɗin, la'adar kan sauka zuwa milibolt 200 zuwa 300, wato bolt 0.2 zuwa 0.3, a ma'aunin da aka saba na miliamfiya 10 a santimita murabba'i, wanda ya kai ko ya fi na oksaid ɗin iridiyam a cikin alkalin.

Haɗa shi ba ya buƙatar tanderu mai tsada. Ana yanko soson nikel, wato nikel mai ramuka kamar soso, kamar girman farce, a wanke shi da asid mai rauni da ruwa da barasar ɗakin gwaji domin cire dattin samansa, a tsoma shi cikin ruwan gishirin nikel da na baƙin ƙarfe, a ba shi wuta na 'yan mintoci. Zai fito launinsa na azurfa ya dushe ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Idan aka mayar da shi cikin fotash aka fara ɗaga bolt, kafin kumfar farko ta fito za a ga ya yi baƙi, alamar nikel ya hau matakin da yake aiki, sannan ƙananan kumfa su fara tsattsafowa daga ramukan soson. A ƙaramar wuta sukan tashi salin-alin, amma da an ƙara wuta sai su taru su toshe ramukan, layin da ke kan kwamfuta ya fara rawa. Wannan rawar ita ce matsalar da masana'anta ke fama da ita a manyan na'urori.

Raunin hanyar alkalin ba ƙarami ba ne, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Tsofaffin na'urori amfiya 0.2 zuwa 0.4 suke ɗauka a santimita murabba'i, don haka suna da girma da nauyi ninki da yawa a kan PEM. A gefen haidirojin ma alkalin yana rage gudu, har filatinam kansa yakan yi sanyi kusan ninki 100 idan aka kwatanta da asid, domin sai an fara fasa ƙwayar ruwa kafin a samu abin da za a haɗa, ko da yake nikel mai ramuka irin na Raney da haɗin nikel da molibdinam suna rufe giɓin gwargwado. Mafi muni shi ne abin da ke faruwa idan wuta ta ragu. Haidirojin yana ratsa shamaki a hankali ko yaushe, to idan oksijin da ake samarwa ya yi kaɗan sai kason haidirojin a cikinsa ya hau, a kashi 4 cikin 100 haɗin yana iya fashewa, don haka ana kashe na'ura tun a kashi 2. Rahotannin ƙarshen 2023 sun nuna cewa tashar Kuqa ta sha wahala a daidai wannan gaɓa. Kashewar kanta tana da illa, domin wuta takan juyo da baya ta cikin bututun ruwan fotash, ta sa tsatsa a elektirod ɗin haidirojin, baƙin ƙarfen da ke gefen oksijin kuma yana narkewa yana komawa, wani lokaci ya tattaru wuri guda ya daina amfani.

Akwai hanya ta uku, AEM, wadda ke amfani da siririn tantani kamar PEM amma mai yanayin alkalin, domin nikel da baƙin ƙarfe su samu wurin zama. Kamfanin Enapter yana sayar da ƙananan na'urori masu kilowat 2.4 da ke ba da kimanin kilo ɗaya a kwana da ruwan fotash mai rauni. Cikas ɗinta yana ga tantanin da robar da ke riƙe katalis, waɗanda ke lalacewa da wuri, kuma wannan aikin masanin roba ne. Abin lura shi ne duk ci gaban da aka samu a kan nikel da baƙin ƙarfe zai yi amfani a nan kai tsaye.

Ga wanda ɗakin gwajinsa ke da na'urar sarrafa bolt guda ɗaya, da sikeli, da injin tace ruwa, shawarata ita ce ya ɗauki nikel da baƙin ƙarfe. Gishirin iridiyam giram ɗaya zai iya cinye kuɗin sinadaran zango guda, kuma aikin rage shi yana buƙatar madubin elektiron mai ganin ƙwaya ɗaya, da na'urar auna ƙarfen da ya narke a ruwa, da injin matse tantani, waɗanda in babu su sakamakon ba zai gamsar da kowa ba. Wanda ke da tabbacin zuwa wata cibiya mai waɗannan kayan na wata shida ko shekara, ko wanda ƙarfinsa lissafin kwamfuta ne, shi hanyar asid ta dace da shi, kuma ladan nasara a can babba ne, musamman da yake tun 2023 Tarayyar Turai ke duba shawarar taƙaita dangin sinadaran da Nafion ke ciki, abin da ya buɗe wata ƙofar bincike.

Sai dai zaɓen nikel ba zai yi amfani ba idan aka bi sahun masu tseren milibolt. Ma'aunin miliamfiya 10 a santimita murabba'i, wanda Charles McCrory da Jaramillo suka daidaita a 2013, an ɗauko shi ne daga abin da hasken rana zai iya bayarwa kai tsaye, kuma masana'anta tana aiki a ninki 20 zuwa 300 na wannan. Rage milibolt 20 yana tsimin rabin yunit ne a kilo, kimanin kashi ɗaya cikin 100, alhali ana sa ran na'urar alkalin ta yi awa 60,000 zuwa 90,000, gwajin juriya a yawancin rubuce-rubuce kuwa awa 10 ne zuwa 24. Kurakuran aunawa ma sun fi milibolt 20 girma. Fotash yana cin gilashi yana sako datti, don haka a yi gwajin cikin mazubin roba. Soson nikel kansa yana aiki, kuma faɗin cikinsa ya ninka na wajensa, don haka a auna shi tsirara kafin a yaba wa abin da aka shafa masa. Wanda ke gwada gefen haidirojin kada ya sa wayar filatinam a matsayin elektirod na biyu, domin tana narkewa kaɗan-kaɗan ta je ta manne a kan samfurinsa, ya ga katalis ɗinsa yana ƙara kyau kullum ya yi ta murna, alhali filatinam yake aunawa. Sandar girafait, irin baƙar sandar da ke tsakiyar batirin rediyo amma tsarkakakkiya, ita ce maganin wannan.

A jami'o'inmu ɗaukewar wuta takan katse gwajin awa 500 tun bai kai kwana biyu ba, sai in an tanadi inbata da batir. Amma tambayar da masana'antar alkalin ke neman amsarta yau ita ce abin da kunnawa da kashewa ke yi wa katalis. Mai bincike zai iya haɗa elektirod shida iri ɗaya, ya bar uku a kan wuta tsayayya, uku kuma ya jona su da farantin sola ɗaya su tashi da hantsi su kwanta da magariba na tsawon wata uku, yana ɗiban ruwan fotash kowane mako domin auna baƙin ƙarfen da ya narke, yana kuma gwada ko ƙara ɗan gishirinsa a ruwan zai dawo da kuzarin da ya ɓace. Ruwan da zai ci ba shi da yawa, lita 9 ce ke ba da kilo guda na haidirojin, amma dole ya zama tatacce, domin ruwan rijiya ko na burtsatse yana ɗauke da alli da gishirin da za su rufe fuskar elektirod cikin kwanaki kaɗan.